Tsiron Inna Marka

Babana, Ishaku Barmo, mutum ne da idan ya ce a'a, gara ka tashi ka nemi wani aikin. Gajere ne kakkaura, furfurarsa a gefe guda na gemu ta tsaya, kamar ɗaya gefen bai yarda ya tsufa ba. Ya haura shekara talatin yana dattijon ikkilisiya a cocin ƙauyenmu, Gidan Barmo, can cikin gonakin ƙasar Bagwai. Fastoci biyar sun zo sun tafi, kowanne a bencin gaba ya same shi, a nan kuma ya bar shi. Ni ce Rahila, 'yarsa ta uku, ina koyarwa a firamaren da ke bakin hanya. Mutane suna cewa ni na ɗebo halinsa. Ni ban yarda ba, Innarmu kuwa ta ce rashin yardar ma shaida ce.

Mu Hausawa ne kaka da kakanni, daga cikin waɗanda ake kira Maguzawa. A zamanin kakana Barmo duk unguwar al'adar gargajiya ake bi. Yau yawancin gidajen sun musulunta, mu wajen gida ashirin muna zuwa coci, sai gida huɗu da suka tsaya inda iyaye suka bar su. Ɗaya daga cikin huɗun nan gidan Baffa Korau ne, wan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Matarsa Inna Marka ita ta fi kowa iya dafa burkutu a yankin nan. Ko da dokar jiha ta sa abin ya koma ƙuryar ɗaki, hannunta bai manta ba.

Ba wanda ya tsani giya kamar Baba, kuma ba a littafi ya fara tsanarta ba. Yana matashi, lokacin sunansa Nomau, ba a yi gwanin fartanya kamarsa ba, ba a kuma yi gwanin ƙoƙo kamarsa ba. Wata rana da azahar, bayan an tashi daga gayya, zazzaɓi ya sa ɗansu na fari ya fara jijjiga. Keke ɗaya ne a unguwar, na Baba, mai keken kuwa yana kwance gindin tsamiya bai san inda kansa yake ba. Innarmu ta juye masa tulun ruwa guda, ko motsi bai yi ba. Ta goya yaron ta kama hanyar Bagwai a ƙasa. Ba ta yi rabin hanya ba ta ji goyon ya saki. Shekara na zagayowa Baba ya karɓi baftisma, aka sa masa Ishaku. Ba shi ya ba ni labarin nan ba. Innarmu ce, sau ɗaya tak, tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka duk taurin kan Baba na banza ne. Akwai na banzan, zan zo kansa.

Tun daga nan ya daina shuka jar dawa, don ita masu dafa giya suka fi so. Idan ya kai hatsi kasuwa, mace ta zo saye, sai ya dube ta ya ce, "Tuwo dai ko?" Wasu su yi dariya, wasu su zage shi su yi gaba. A gidanmu kuwa ya kafa dokar da ba a taɓa karyawa ba: ba a jiƙa hatsi har ya yi tsiro. Ga wanda bai sani ba, giyar dawa daga tsiro take farawa. A jiƙa hatsi, a lulluɓe shi har ya fitar da 'yan saiwoyi, a shanya, a niƙa, sannan a dafa. Na girma ban taɓa ganin tsiro a tsakar gidanmu ba.

Sai maganar gayya. A wajenmu idan noma ya fi ƙarfin mutum, sai ya gayyaci maza su zo da fartanyu su gama masa a yini guda, shi kuma ya ciyar da su. A da, gayya ba ta cika sai da tulunan giya. Baba ya ce shi da irin wannan gayyar har abada. Ya tattara mazan coci suka fara tasu, kunu da tuwo, shi ke nan. Musulmin unguwar da suka ga ba abin da zai hana su, suka shigo. A nan amincinsa da Malam Sammani ya samo asali, na'ibin limamin masallacin unguwarmu, dogo siriri mai yawan tsokana. Mutanen nan biyu sai su zauna gindin darbejiya su yi gardamar addini har muryoyinsu su dishe, kowa ya tabbatar wa ɗan'uwansa cewa ya ɓata hanya, sannan su raba goro su tafi gida.

Abin da ya daɗe yana ci min rai shi ne, mutumin da ya iya zama da Malam Sammani haka ya kasa zama da wansa. Da kakarmu ta rasu, a gidan Baffa Korau aka yi zaman makoki, aka kuma fito da giya kamar yadda suka saba. Baba ya miƙe tsaye a tsakiyar mutane ya hau wa'azi, ya ce duk mashayi da mai dafawa ba su da rabo a mulkin Allah. Baffa ya ajiye ƙoƙonsa ya ce, "Nomau, uwarmu da muka binne jiya shekara arba'in tana dafawa. Har da ita?" Da Baba ya yi shiru da an wuce wurin. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi, ya ce, "Littafi bai cire kowa ba." Baffa ya nuna masa ƙofa. Ina tsaye a wajen, ina da goyon fari, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekara goma sha biyu Baba bai taka gidan nan ba. Gonakinsu kuwa a manne suke, layin gamba kawai ya raba. Kullum da safe sai ka ji, "Yaya, ina kwana?" "Lafiya lau." "Ya ruwa?" "Ya yi gyara." Kowa ya sunkuya kan kunyarsa. Ko kwana ɗaya gaisuwar ba ta yanke ba, ko kalma ɗaya kuma ba ta ƙaru ba.

Daminar bara waccan, ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka. Kwana tara da shukar, shanun Baffa suka firgita, ya faɗo daga amalanke ya karye a cinya. Maɗori ya ɗaure, ya ce wata biyu ba tashi. 'Ya'yansa maza biyu duk sun bar gida, ɗaya yana leburanci a birni wajen Rijiyar Zaki, ɗayan ya daɗe a kudu. Gonar kuwa babba ce, gero da dawa da wake a haɗe, ba ta feshi ba ce, don maganin da zai kashe ciyawa zai tafi da waken. Inna Marka ta ɗauki fartanya ita kaɗai. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, kafin ta gama kunya goma, harkiya ta sake rufe ta farko. Kowa ya san idan aka ƙara mako biyu ba a yi noman firi ba, wato noman farko, gidan nan ba su da abincin shekara.

Gayya ce mafita, amma wa zai zo? Abokan shan Baffa tsofaffi ne uku, idan aka haɗa haƙoransu da ƙyar su cika baki guda. Mazan coci ba sa zuwa gayyar gidan giya, Musulmi ma haka. Dokar da Baba ya kafa da hannunsa ita ta zagayo ta tsaya a ƙofar wansa.

Na ga yadda abin yake cinsa. Ya daina cinye tuwonsa. Idan ya je gona sai ya juya wa layin gamba baya don kada ya ga abin da ke bayansa. Ran Lahadi bayan sujadar coci ya kira ni gefe, yana kallon takalminsa, ya ce, "Je ki gaya wa Marka, idan za ta yi gayya ba giya, ko ɗigo, zan kawo mutane ran Asabar." Na je na faɗa. Inna Marka tana zaune bakin murhu, hannayenta duk sun yi kanta. Ta dube ni ta ce, "Malama, ki ce masa na ji." Daga cikin ɗaki Baffa ya yi tsaki, amma bai ce a'a ba.

Baba ya bi mazan coci ɗaya bayan ɗaya. Ya je wajen Malam Sammani, wanda ya ce shi zai yi wa mutanensa magana, amma fa da bakin Baba za su dogara. "Dattijo, idan ka ce ba giya, ba giya. Mun san ka." Aka lissafa za a sami maza kusan hamsin. A kwanakin nan har waƙar coci na ji Baba yana yi a bayan gida, da muryar nan tasa da ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba.

Ran Laraba da la'asar ina dawowa daga makaranta na ji hayaniya daga gidan Baffa. Na gane muryar Baba ce. Na shiga da gudu.

Ashe Baba yana dawowa daga gona ne ya leƙa ta kan danga, abin da bai saba yi ba. Me zai gani? Tabarmi biyu shimfiɗe a rana cike da tsiro. Gefe guda kuma manyan tukwanen giyar Inna Marka, su huɗu, an fito da su tsakar gida. Mutumin da shekara goma sha biyu bai shiga gidan ba, ranar ya shiga ko sallama babu. Ina isa na tarar ya kama bakin tabarma ya zazzage tsiron a ƙasa, ya sa ƙafa ya watsa na biyun. Kaji suka yi ca a kai.

"Kin ci amanata!" Haka yake ta faɗa. "Na sa bakina a gaban Fasto, na sa bakina a gaban Musulmi, ashe so kike ki mai da ni maƙaryaci da furfurata! Ku ba za ku taɓa canzawa ba!"

Inna Marka tana tsaye da tsintsiya a hannu. A da, ita da Baba abokan wasa ne, matar wa da ƙanin miji, an ce ba wanda ya kai su tsokanar juna. Ta bar shi ya yi ta yi har numfashinsa ya ƙare. Sannan ta ce, "Nomau, ka gama?" Ta juya ta hau korar kaji. Baffa yana kwance a ɗaki yana jin komai, ba halin tashi. Abin da kawai ya ce shi ne, "Marka, rabu da shi."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ni ma na yarda giya ce. Na ga tsiro, na ga tukwane, me ya rage? Har haushinta na ji, ni da na kai saƙo. Kafin magariba Baba ya gaya wa Fasto an fasa gayya, ya kuma faɗi dalili. A ƙauye kuwa ba sai an yi shela ba, kafin a ci tuwo maganar ta kusa gama unguwa.

Washegari da sassafe ya ce in raka shi gidan Malam Sammani, tunda ni shaida ce. Muka same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Baba ya zayyana masa komai, ya ba shi haƙuri a kan ya sa shi ya tara mutane a banza. Malam Sammani ya girgiza kai ya ce, "Ashsha." Sai muka ji murya daga cikin gida, ta bayan zana. Hure ce, matarsa, mace ce da ba a cika jin muryarta ba, amma ranar har maƙwabta sun ji.

"Malam, wane tsiro ake magana? Ba dai tsiron da na sa Marka ta jiƙa ba?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Malam Ishaku, ina kwana. Ka yi haƙuri na sa baki. Tun ran Lahadi da yamma matar nan ta zo nan ta durƙusa min, ta ce ita ba ta taɓa dama kunun mutum hamsin ba, in koya mata. Ta ce so take ta yi wanda ba wanda zai raina. Na ce to kunun zaƙi za mu yi, irin na iyayenmu, wanda tsiro ke ba shi zaƙi ba sukari ba. Ni na auna mata hatsin da hannuna. Tukwanen kuwa ni na ce ta fitar da su ta kai bayan gida ta kife, don ba Musulmin da zai sha abin da ya fito daga cikinsu. Nawa zan ara mata, ga su nan na wanke tun jiya. Yanzu tsiron kana nufin zubar da shi ka yi?"

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Shi da ya hana tsiro shiga gidansa shekara talatin da wani abu, har ya manta ana yin wani abu da shi ban da giya. Kunun gidanmu da sukari ake yi, ko busasshen dankali. Ni kaina, malamar makaranta guda, sai ranar na tuna na sha kunun tsiro a gidajen suna ba sau ɗaya ba.

Malam Sammani, da ba ya barin tsokana ta wuce shi, ranar bai yi ba. Ya ce a hankali, "Dattijo, ka tambaye ta kuwa?" Baba ya ce, "Ban tambaya ba." Ya miƙe, ya manta hularsa a kan tabarma, sai ni na ɗauko.

Na ɗauka gida za mu. Sai na ga ya miƙe hanyar gidan Baffa. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba sai a ta ukun. Muka tarar da Inna Marka da faifai tana sheƙe abin da ta share daga ƙasa, tana tsince tsakuwa ɗaya ɗaya. Abin da kaji suka bari bai kai rabi ba, sabon tsiro kuwa ba zai yiwu kafin Asabar ba.

Baba ya durƙusa. Dattijon ikkilisiya, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban mai dafa burkutu. Ya ce, "Marka, na zalunce ki. Na yi miki ƙazafi, na kuma yaɗa. Ki yafe min."

Ba ta daina sheƙar ba. "Da ka tambaye ni da na gaya maka. Amma kai tun daga kan danga ka gama shari'a. Ka san yadda na ji da na je na durƙusa wa yarinyar da aka haifa a gabana, in ce ta koya min dama kunu? Don kai na yi. Don kada ka ji kunya." Ta juya fuska. "Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya. Yafiya kuma ka ba ni kwana biyu, yanzu ban da ita."

Daga ɗaki Baffa ya ce, "Tunda ka iya sallama yau, shigo." Baba ya shiga, ni na tsaya bakin ƙofa. Ɗakin yana warin man ɗori. Baffa ya rame har na tsorata. Baba ya zauna kusa da shi. Can Baffa ya ce, "Tsiro abu ne mai sauƙi. Ni maganar Inna, uwar da ta haife mu, ita ce ban manta ba."

Baba ya sunkuyar da kai. "Yaya, abin da na gaskata game da giya ban canza ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na canza ba. Amma inda Inna take, ba a hannuna yake ba, ba a kuma tambaye ni ba. Ranar na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina. Kullum sai na tuna." Baffa bai ce ya yafe ba. Cewa ya yi, "Gyara min matashin nan, ya zame." Baba ya gyara.

Saura aiki mafi wuya, wato janye maganar da ta riga ta gama gari. Fasto ya ce a bari shi zai sanar. Baba ya ce a'a, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ran Juma'a tun da hantsi ya fara bin gidaje, na coci da na Musulmi, yana tsayawa a kowace ƙofa yana maimaita magana ɗaya: "Abin da na faɗa a kan matar wana ba gaskiya ba ne. Kunu take shiryawa. Ni na yi kuskure. Gayya tana nan gobe." Wasu suka ce ba komai. Wasu suka yi masa kallon wanda aka lallasa ya canza baki. Wani dattijon coci ma ce masa ya yi, "Ishaku, anya ba jini ne ya rinjaye ka ba?" Ya dawo da yamma ƙafarsa a kumbure. Innarmu ta dafa masa ruwan zafi, ta kuma aika wa Inna Marka ɗan busasshen dankalin da ya rage mana.

Ran Asabar na riga kowa zuwa gonar, ina ta duban hanya. Da farko mutum shida ne, har da tsofaffin nan uku. Rana ta fara ɗagawa, na ce shi ke nan. Sai ga Malam Sammani ya ɓullo ta bayan kuka, fartanya a kafaɗa, mutum goma sha wani abu a bayansa. Can kuma ga mazan coci, Fasto a gaba da wandon da bai saba da gona ba. Ba su kai hamsin ba, talatin da huɗu na ƙirga. Na sauke ajiyar zuciya har sai da matar da ke kusa da ni ta waiwayo.

Aka ja layi aka sunkuya. An ɗauko Baffa a amalanke an kwantar da shi gindin ɗorawa, inda zai ga komai. Wajen hantsi mata suka iso da tukwanen Hure a ka, aka sauke a inuwa, aka kira maza su sha. A nan abin ya so ya lalace. Mutane suka zo suka tsaya cirko-cirko, kowa yana goge zufa yana jiran wani ya fara. Maganar Laraba ba ta gama fita daga kunnuwa ba. Wani saurayi har ya sunkuya yana shinshina bakin tukunya. Na ga Inna Marka ta ƙame da ludayi a hannu, idonta ya kawo ruwa.

Baba ya ratso mutane ya zo gabanta ya miƙa hannu biyu. Tun ranar da ya yi baftisma ko ruwa bai taɓa karɓa daga hannun matar nan ba. Ta cika ƙwarya ta ba shi. Bai shinshina ba, bai ɗanɗana ba, ya kafa kai sai da ya ga ƙasan ƙwaryar.

"Bai yi zaƙi ba," in ji Inna Marka. "Kaji sun tafi da zaƙin."

"Ƙaro min," in ji Baba.

Malam Sammani ya yi bisimilla ya karɓi tasa, ya sha ya ce lalle kajin gidan nan sun ci bashin kowa. Aka kwashe da dariya, aka hau tukwane. Tsofaffin nan uku suka sha suna yatsina fuska, ɗayansu ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa noma da abincin masu jego ba. Duk da haka sai da ya ƙara sau biyu.

La'asar sakaliya aka fita daga kunya ta ƙarshe. Gonar da ta zama kamar makiyaya ta fito fes, gero ya tsaya layi-layi yana kaɗawa. Inna Marka ta zauna a kan kunya ta rufe fuska da zani, ba wanda ya hana ta. Ni ma na yi nawa kukan, na daɗi, ban ɓoye ba.

Da mutane suka watse, Baba ya je ya zauna kusa da amalanken. Ina tattara ƙore, ina jin su.

"Nomau, kada ka ɗauka an gama," in ji Baffa. "Bayan kaka za ta dafa. Ka sani."

"Na sani, Yaya."

"Kuma za ka zo ka yi mana wa'azi."

"Zan zo. Ba zan fasa ba."

Baffa ya dubi gonarsa. Sannan ya ce, "To ka riƙa zuwa da wuri, kafin mu fara. A lokacin muke ji. Kuma a zaune za ka yi, ba a tsaye ba."

Haka aka yi, haka kuma ake yi har yau. Baffa ya warke, yana ɗan ɗingishi. Bai shiga coci ba, Inna Marka ba ta fasa tukwanenta ba, Baba bai rage ko kalma ɗaya daga abin da ya gaskata ba. Duk ran Alhamis da la'asar yakan ɗauki Littafinsa ya tafi. Su yi gardama, wani lokacin har a jiyo su daga gidanmu. Idan tsofaffin nan uku suka fara hallara, sai ya miƙe ya yi musu sai da safe. Baffa ya dogara sandarsa ya raka shi har ƙofar gidanmu, sannan Baba ya ce ƙafar nan ba ta gama ƙwari ba, ya juya ya mai da shi gida.